Abin da “Allah Wadai” Ke Haɗiyewa: Kalmomin Suka a Turanci da Nauyin Kowacce

Washegarin ranar da Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya kaɗa ƙuri'a kan yaƙin Yukiren, wato ƙuri'ar 2 ga Maris, 2022, ina zaune a bencin mai shayin bakin layinmu, rediyonsa na rataye a ƙusa sama da gwangwanayen madara. Mai karanta labarai ya ce ƙasashe 141 sun yi Allah wadai da mamayar da Rasha ta kai wa maƙwabciyarta, biyar sun ƙi, 35 sun ƙaurace. Wani dattijo mai sayar da goro ya dire kofinsa ya ce, “To, an tsine mata ke nan a gaban duniya.” Ban ja da shi ba, don abin da aka gaya masa ya ji. Amma na karanta takardar da aka kaɗa wa ƙuri'ar, kuma a sakin layin da ya yi hukunci kan mamayar, kalmar da aka sa ita ce “deplores”. Wadda muka saba juyawa da Allah wadai, wato “condemns”, ba ta hau wannan gurbi ba, kuma ba mantuwa aka yi ba.

Bai kamata a ɗora wa mai fassara laifin shi kaɗai ba, don jaridun Turanci da yawa ma “condemns” suka buga a kanun labaransu. Sai dai waɗanda suka rubuta takardar sun san abin da suka ɗauka da abin da suka bari. Kwana biyar kafin nan, ranar 25 ga Fabrairu, an kai irin wannan ƙuduri gaban Kwamitin Sulhu. Daftarin farko “condemns” ya ce. Ana gab da ƙuri'a aka zare ta aka sa “deplores”, aka kuma goge ambaton Babi na 7 na kundin Majalisar, babin da ke buɗe ƙofar takunkumi da amfani da ƙarfi. Manufar ita ce a lallaɓi Sin kada ta mara wa Rasha baya. Haka kuwa aka yi: ƙasashe 11 suka amince, Sin da Indiya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka ƙaurace, Rasha ta hau kujerar na-ƙi ita kaɗai. Kalmar da aka sassauta ita aka ɗauka aka kai Babban Zaure, tare da “in the strongest terms” ɗin da ke biye da ita tun a daftarin Kwamitin don ta yi kauri. A gabatarwar takardar an yi amfani da “condemning” a kan shelar da Rasha ta yi ta abin da ta kira aikin soja na musamman, amma a inda aka zo yanke magana kan mamayar kanta, “deplores” ce ta zauna.

Jakadun manyan ƙasashe ba za su kwana suna ja-in-ja kan kalmomi biyu ba in da ma'anarsu ɗaya ce. To mene ne tsakaninsu?

“Condemn” kalmar alƙali ce. Tushenta Latin ne, harshen Rumawa, daga kalmar da ke nufin a kama mutum da laifi a yanke masa hukunci. Har gobe Bature na amfani da ita ga wanda aka yanke wa hukuncin kisa, da ginin da hukuma ta duba ta ce bai zaunuwa sai rushewa. Mu ma mun are ta tun tuni ba tare da mun lura ba. In bakanike ya buɗe injin mota ya leƙa, ya goge hannu da tsumma ya ce maka “wannan ai kwandem ne”, ka san ba maganar gyara, sai dai a kai wa 'yan gwangwan. Fahimtar bakaniken nan ta fi ta yawancin ɗalibai kusa da asalin kalmar. Mai cewa “condemn” ya gama bincike, ya hau kujera, ya ce ga mai laifi.

“Deplore” kuwa kalmar gidan makoki ce. Ita ma daga Latin ta fito, daga kalmar da ke nufin kuka da kururuwa. Mai faɗinta cewa yake yi abin ya munana, ya sosa masa rai, bai yarda da shi ba ko kaɗan, amma bai ɗauki gudumar alƙali ba. Shi ya sa akasari aiki ko hali ko wani yanayi ake yi wa “deplore”, ba kasafai ake yi wa mutum kansa ba, alhali “condemn” tana hawa kan aikin tana kuma hawa kan mai aikin. A bakinmu, kusan tazarar da ke tsakanin mai cewa “assha, wannan abu bai yi kyan gani ba” da mai cewa “Allah wadaran wanda ya aikata wannan” ke nan. Kuma kada mu manta, Allah wadai ba ƙaramar magana ba ce a wurin Bahaushe. Sunan Ubangiji ne a cikinta, ƙanwar tsinuwa ce. Dattijon nan mai goro ya fassara ta daidai da yadda kunnen Bahaushe ke jin ta.

Tarihin Afirka ta Kudu ya nuna wannan tazara fiye da kowane ƙamus. Ranar 21 ga Maris, 1960, 'yan sandan gwamnatin wariyar launin fata suka buɗe wuta kan masu zanga-zanga a Sharpeville, suka kashe mutum 69. Kwamitin Sulhu ya zauna, ya fitar da ƙuduri mai lamba 134 ranar 1 ga Afrilu, kuma abin da ya iya cewa shi ne “deplores”: yana juyayin asarar rayuka, yana juyayin manufofin gwamnatin. Duk da wannan sassauci, Birtaniya da Faransa sun ƙaurace wa ƙuri'ar. Shekara 16 bayan haka aka harbe 'yan makaranta a Soweto, a Yunin 1976. A ƙuduri mai lamba 392 sai ga “strongly condemns”, kuma ba a ce tashin hankali kawai ba, gwamnatin Afirka ta Kudu aka ambata da suna. A tsakanin waɗannan shekaru ƙasashen Afirka da dama sun sami 'yanci sun cika zauren Majalisar, murya ta sauya. Wanda aka gaya wa “an yi Allah wadai” a 1960 aka sake gaya masa haka a 1976, an ɓoye masa gwagwarmayar da aka yi kafin kalma ɗaya ta motsa.

Wani abin lura, siffar da aka ciro daga kalmar, wato “deplorable”, hawayenta sun bushe. Yau abin ƙyama take nufi, abin da ya kai maƙura wajen lalacewa. Da Hillary Clinton ta kira rabin magoya bayan Donald Trump “basket of deplorables” a Satumban 2016, ba wanda ya ɗauka juyayinsu take yi. Raini suka ji, kuma sun riƙe shi har ranar zaɓe.

A ƙasa da “deplore” akwai wasu matakai, kuma a nan ne aka fi yi wa mai sauraro rufa-rufa. Na can ƙasa shi ne “concern”, damuwa. Ana yi mata ƙari a ce “deep concern” ko “grave concern”, amma ko an ƙawata ta yaya, mai faɗinta bai ce kowa ya yi laifi ba. Halin zuciyarsa kawai ya bayyana. Da sojojin Myanmar suka ƙwace mulki ranar 1 ga Fabrairu, 2021, sanarwar da Kwamitin Sulhu ya fitar bayan kwana uku “deep concern” ta tsaya, ko kalmar juyin mulki ba ta ambata ba. Haka ranar 6 ga Mayu, 2022, da Kwamitin ya samu ya yi magana da murya ɗaya kan Yukiren a karon farko tun bayan mamayar, har da sa bakin Rasha: damuwa aka nuna kan zaman lafiya da tsaron ƙasar, babu kalmar yaƙi, babu kalmar mamaya. In ka ji “concern” a irin wannan wuri, ka nemi wanda ya taka wa rubutun birki, don yawanci akwai shi a cikin ɗakin.

Sai “regret”, mai fuska biyu. In gwamnati ta ce tana “regret” matakin da wata gwamnati ta ɗauka, suka ce cikin ladabi, kamar a ce ba haka aka so ba. In kuwa a kan abin da ita ta aikata ne, to hanya ce ta nuna baƙin ciki ba tare da amsa laifi ba. A Afrilun 2001 jirgin leƙen asirin Amurka ya yi karo da jirgin yaƙin Sin kusa da tsibirin Hainan, matuƙin Sin ya rasu, aka tsare ma'aikatan jirgin Amurka su 24. Sin ta dage sai an ba ta haƙuri a hukumance. Amurka ta fara da “regret”, Sin ta ce bai isa ba. Sai da jakadan Amurka ya rubuta wasiƙa mai ɗauke da “very sorry” har sau biyu aka sake su bayan kwana 11, kowane ɓangare ya koma gida yana fassara wasiƙar yadda ta yi masa daɗi.

Amma fa tsananin kalma ba shi ne tsananin mataki ba, kuma wannan ne ya fi damuna a yadda muke sauraron labarai. Ranar 2 ga Agusta, 1990, Iraƙi ta afka wa Kuwait. A ranar Kwamitin Sulhu ya fitar da ƙuduri na 660: “condemns”, ba wani ƙari, sannan “demands”, wato ya umarci Iraƙi ta janye nan take ba sharaɗi. Bayan kwana huɗu takunkumi ya biyo baya a ƙuduri na 661, kafin ƙarshen Nuwamba kuma ƙuduri na 678 ya ba da izinin amfani da ƙarfi. A gefe guda, da Isra'ila ta kai hari kan tashar nukiliyar Iraƙi ta Osirak a Yunin 1981, ƙuduri na 487 cewa ya yi “strongly condemns”, kalmar da ta fi ta 1990 kauri, kuma duk ƙasashe 15 suka amince har da Amurka. Ba takunkumin da ya biyo baya. Saboda haka mai son sanin inda magana ta dosa, bayan ya auna kalmar suka, ya dubi aikatau ɗin da ke binta. “Calls upon” kira ne, “urges” roƙo ne mai nacewa, “demands” umarni ne, “decides” kuwa yanke hukunci ne da ke hawa kan ƙasashe. Sau da yawa kalma mai zafi ita ce abin da ake ba wanda aka zalunta a maimakon mataki.

Haka kuma a dubi abin da aka ɗora sukar a kansa. Da a ce “muna ‘condemn’ tashin hankali” da a ce “muna ‘condemn’ gwamnatin kaza” ba ɗaya ba ne. Na farko ya la'anci duka ne bai ambaci mai sanda ba. Wani lokaci ma sunan abin da ya faru shi ne sukar gaba ɗaya. Mutanen Nijar sun ga wannan da idonsu. Bayan sojoji sun tsare Shugaba Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, 2023, Amurka ta yi ta sukar lamarin da kalmomi masu zafi, amma ta ƙi kiran sa “coup” a hukumance sai ranar 10 ga Oktoba. Dalili kuwa, dokarta ta ce da zarar an tabbatar sojoji sun kifar da zaɓaɓɓen shugaba, wajibi ne a dakatar da yawancin tallafin da ake ba gwamnatin ƙasar. A Masar a 2013, da aka tumɓuke Mohamed Morsi, gwamnatin Amurka ta ƙi furta kalmar kwata-kwata. “Condemn” ba ta cin ko kwabo, amma wannan gajeriyar kalma miliyoyin daloli ke rataye a jikinta.

Tun da mun taɓo Nijar, bari in kawo “denounce”. Asalinta shela ce, daga kalmar Latin ta manzo mai kai saƙo. Kalmar sanƙira ce: a fito bainar jama'a a nuna mutum da yatsa a ce ga mugu. Tana kuma da ma'anar kai ƙarar wani ga hukuma a ɓoye, irin tsegumin da ke jefa maƙwabci a kurkuku a ƙarƙashin mulkin kama-karya. Amma a dokar ƙasa da ƙasa tana da wata ma'ana ta daban wadda ke kayar da masu fassara. In aka ce ƙasa ta yi “denounce” ɗin yarjejeniya, ba sukarta ta yi ba, sanarwa ta bayar cewa ta fita daga cikinta. Da kakakin gwamnatin sojan Nijar, Kanar Amadou Abdramane, ya karanta sanarwar 16 ga Maris, 2024 kan yarjejeniyar zaman sojojin Amurka, takwarar wannan kalma ta Faransanci ya yi amfani da ita, kuma nufinsa an soke yarjejeniyar nan take. Wanda ya fassara da “Nijar ta yi tir da yarjejeniyar” ya bar ainihin labarin a ƙasa.

Akwai kuma kalmomin da ba baki kaɗai ba ne, hukunci ne da ake rubutawa a ajiye. Babbarsu “censure”. A Majalisar Wakilan Amurka, wanda aka yi wa “censure” yakan tsaya a tsakiyar zaure a gaban takwarorinsa, kakakin majalisa ya karanta masa laifinsa da babbar murya. Ba a kore shi ba, ba a taɓa albashinsa ba, amma tabon ya shiga tarihi. An yi wa 'yar majalisa Rashida Tlaib “censure” a Nuwamban 2023 kan kalamanta game da yaƙin Gaza, da ƙuri'a 234 a kan 188. A ƙasa da ita akwai “reprimand”, wadda ba sai an tsayar da mutum ba. Irinta aka yi wa Joe Wilson a 2009 bayan ya daka wa Shugaba Obama tsawa cewa ƙarya yake yi, ana tsakiyar jawabi. Wani abin sha'awa, da Majalisar Dattawa ta juya wa Sanata Joseph McCarthy baya ranar 2 ga Disamba, 1954, da ƙuri'a 67 a kan 22, kalmar da ke cikin ƙudurin “condemned” ce, duk da cewa tarihi na lissafa abin a matsayin “censure”. Ɗalibai kan rikita ta da “censor”, wato tacewa, irin aikin hukumar tace fina-finai. Kakansu ɗaya, wani babban jami'in Rumawa mai ƙidayar jama'a da sa ido kan tarbiyyarsu, amma ɗaya kunyatawa ce bayan an yi magana, ɗayar kuma hana maganar fita ce.

Ma'aikacin gwamnati a Najeriya ya san nasa salon. “Query” a Ingila tambaya ce kawai, mai saye ma yakan aika wa kanti ita. A ofisoshinmu kuwa takardar tuhuma ce: ka yi bayani cikin awa 24 ko 48 dalilin da zai hana a hukunta ka, kwafi kuma ya shiga fayil. Bature ya ce maka yana da “query”, kada gabanka ya faɗi.

Kalmomin cikin gida da na tsakanin mutum da mutum ba su da wuyar kamawa ga Bahaushe, don mu ma muna lura da wa ke magana da wa. “Scold” faɗan uwa ne ga ɗa, in aka ce an yi wa babban mutum ita to an mayar da shi yaro. “Chide” faɗa ne mai taushi, na wanda ke son ka. “Admonish” jan kunne ne da nasiha a ciki, ana duban gaba. “Rebuke” tsawa ce gajeriya mai kaifi, yawanci daga sama zuwa ƙasa. “Berate” a balbale mutum da faɗa ba ƙaƙƙautawa. Wadda ta fi taɓa ni ita ce “reproach”, don ba ta buƙatar matsayi, kusanci take buƙata. Ita ce maganar amini ko matar aure da ta ga baikenka, ta dube ka ta ce, “Ban zaci haka daga gare ka ba.” Ba ɗaga murya, amma takan hana barci fiye da tsawa.

Su kuwa “slam” da “blast” da “rap”, 'ya'yan kanun jarida ne. Gajarta ce ta ba su aiki, don fili a shafin farko kaɗan ne. Jaridunmu na Turanci sun ƙara nasu: “flays”, “carpets”, “knocks”, “berates”. Sau da yawa in ka shiga cikin labarin sai ka tarar ɗan siyasar cewa kawai ya yi bai gamsu da kasafin kuɗi ba. Edita ne ya zuba barkonon. In muka juya irin wannan da “ya yi masa wankin babban bargo” ko “ya yi masa kaca-kaca”, mun ɗauko zafin da mai maganar bai yi ba mun kai wa jama'a, kuma a ƙasar da siyasa ke saurin kama wuta wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda na fi ganin 'yan'uwanmu na faɗawa rami shi ne akasin haka, wato inda suka ta zo sanye da farar riga. Mutanen Birtaniya musamman, in ransu ya ɓaci sosai, sukan rage murya ne. Wani ƙanena da ke aiki ƙarƙashin wata Baturiya ya taɓa miƙo mini wayarsa muna cin tuwon dare, yana murmushi, ya ce in duba saƙon da ta aiko kan rahotonsa. Ta rubuta cewa ta ɗan yi mamakin alƙaluman, “a little surprised”, kuma wataƙila zai so ya sake duba su idan ya sami lokaci. Shi a ganinsa an yaba, saura ɗan gyara. Na ajiye cokali na ce masa ya bar tuwon nan ya buɗe kwamfuta yanzu. A bakin irin waɗannan mutane, “na ɗan yi mamaki” na nufin aikin bai karɓu ba, “idan ka sami lokaci” kuma na nufin kafin gari ya waye. Ya kwana yana gyara, ya kuwa gano ya haɗa lissafin wata biyu a layi ɗaya. Haka “disappointed” take, haka “unhelpful”, wadda a bakin jami'in diflomasiyya ke nufin ka ɓata mana aiki. “With the greatest respect” share fage ne na cewa ba ka san abin da kake faɗa ba. In kuma aka ce shugabanni biyu sun yi tattaunawa “full and frank”, to an yi cacar baki a ɗakin.

Bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Mu ne masu hannunka-mai-sanda da gugar zana. Surukin da ya ce “to, ba laifi” yana kallon ƙasa, ko malamin da ya duba allonka ya ce “da sauran aiki”, kowa ya san me suke nufi. Kunya da kara ke sa mu sassauta lafazi, su kuma tarbiyyarsu ce ta hana nuna fushi a fili. Matsalar ita ce mun koyi Turanci daga littafin makaranta, inda kowace kalma ke da ma'ana guda, sai muka ɗauka Bature ba ya habaici. Majalisar dokokinsu ma ta mayar da abin doka: ba a yarda ɗan majalisa ya kira ɗan'uwansa maƙaryaci a zaure ba. A Yulin 2021 an fitar da Dawn Butler daga zaman ranar saboda ta ce Firaminista Boris Johnson ya yi ta yin ƙarya, ta kuma ƙi janyewa. Don kauce wa irin haka ne 'yan majalisar suka daɗe suna fakewa da wata doguwar magana da Winston Churchill ya fara furtawa a 1906, “terminological inexactitude”, wato rashin daidaiton lafazi.

Kalmomi biyu kuma sai an yi hattara da su. “Sanction” tana nufin takunkumi, tana kuma nufin amincewa da ba da izini, sai jimla ta nuna wacce ake nufi. “Criticise” kuwa asalinta Girkanci ne, rarrabewa da aunawa, shi ya sa mai nazarin adabi ake kiransa “critic” ko da yabo ya yi. A maganar yau da kullum ta karkata zuwa suka, amma ita ce mafi sanyi a cikinsu, ba ta ɗauke da tsinuwa ko kunyatawa.

To yaya za mu yi da su a Hausa? Ba ƙarancin kalmomi ke damunmu ba. Muna da damuwa, da takaici, da juyayi, da tir, da suka, da kushe, da caccaka, da tsawatarwa, da jan kunne, da Allah wadai, da tofin Allah tsine. Gaggawar ɗakin labarai ce ta sa hannu ke kai wa ga guda ɗaya kullum, har muka saba haɗa “tir da Allah wadai” kamar tagwaye. A ganina ya kamata a raba su. Tir ba ta ambaci sunan Allah ba, ƙyamar abu ce da nesanta kai daga gare shi, don haka ita ta fi dacewa da “deplore”, in an so a ƙara mata “da kakkausar murya” inda Turancin ya ƙara nauyi. “Concern” a bar ta a damuwa, kada a ɗaga ta. “Regret” takaici ce. “Censure” kuwa sai an yi bayani, a ce majalisa ta kaɗa ƙuri'ar tsawatar masa a hukumance. Allah wadai a adana ta sai “condemn” ta fito, kuma a faɗi a fili wa aka yi wa, mutum ne ko gwamnati ko aikin kawai. Na san akwai masu cewa mai sauraro a ƙauye ba ruwansa da wannan ƙwaƙƙwafi. Ban yarda ba. Mutumin da ke bambance “sannu” da “sannu dai” ta sautin murya, ba zai kasa jin tazarar tir da tsinuwa ba in an ba shi.

Wata bakwai bayan zamanmu a teburin mai shayi, ranar 12 ga Oktoba, 2022, Babban Zauren ya sake kaɗa ƙuri'a, bayan Rasha ta yi shelar haɗe yankuna huɗu na Yukiren, wato Donetsk da Luhansk da Kherson da Zaporizhzhia. A wannan karo “condemns” ce zaune a sakin layin hukunci, kuma ƙasashe 143 suka amince, ƙarin biyu a kan na Maris duk da an tsananta lafazi. Labari ne babba: kalmar da aka ji tsoron sawa a Fabrairu ta samu shiga, kuma yawan masu amincewa bai ragu ba. A rediyo aka ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi Allah wadai da Rasha, daidai abin da aka gaya wa mai goro tun watan Maris.